WASAN KARTA NA MUTUM HUƊU A KWAMFUTA

Idan aka ambaci karta a Tudun Wada, abin da yake fara faɗo wa iyayenmu a rai shi ne caca. Ba su yi laifi ba kuwa, gama sun ga gidajen da karta ta watsa, sun kuma ga samarin da suka rabu da kekensu a gindin bishiya saboda ita. Yanzu ga shi kartar ta tashi daga gindin bishiya ta shige cikin wayar hannu da kwamfuta, inda da wuya uba ya san abin da ɗansa yake dannawa. Saboda haka ya kamata mu ɗalibai, da iyayenmu, mu san irin waɗannan wasanni, don mu iya rarrabe mai wasa ƙwaƙwalwa da mai yashe aljihu. A nan zan yi bayanin iri guda ne, watau wasan da mutum huɗu suke yi, biyu suna haɗa kai a kan biyu. Za mu ga yadda ake yinsa, da yadda kwamfuta take yinsa, da kuma wurin da har yanzu yake ba ta wuya.

Asalin Karta

Masana tarihi sun ce daga ƙasar Sin karta ta taso. Ta biyo ta ƙasashen Musulmi, har ma a gidan tarihi na Topkapi da ke Santambul akwai tsofaffin katunan da aka yi a Masar zamanin sarakunan Mamluk. Ta shiga Turai wajen shekarar 1370, sa'an nan wajen 1480 Faransawa suka tsara zane huɗun nan da muke gani yau.

Kwalin karta yana da kati 52, an kasa su dangi 4, kowane dangi kati 13. Dangi biyu ja ne, ɗaya mai zanen zuciya, ɗaya mai zanen lu'ulu'u. Biyu kuma baƙi ne, ɗaya mai kama da kan mashi, ɗaya mai kama da ganye uku. A kowane dangi, mai harafin A shi ne babba, sai Sarki mai harafin K, sai Sarauniya mai harafin Q, sai Bafade mai harafin J, daga nan sai 10 a yi ta sauka har zuwa 2.

Mu nan Nijeriya wasan da muka fi sani shi ne Whot, wanda wani Bature mai suna William Storey ya ƙago a Ingila a 1935. A Whot kowa tasa ta fisshe shi. Burinka kawai ka riga kowa zubar da katinka, ka tura na kusa da kai kasuwa. Wasan da za mu duba ya sha bamban da wannan, domin a cikinsa ba ka ci sai da abokinka, ba ka kuma faɗuwa sai tare da shi.

Yadda Ake Wasan

Tsohon cikinsu, wanda kuma ya fi sauƙin koyo, shi ne wist. Ya yi tashe ƙwarai a Ingila, har wani mutum mai suna Edmond Hoyle ya rubuta littafin ƙa'idodinsa a 1742.

Mutum huɗu za su zauna, a kira su Arewa, Gabas, Kudu da Yamma. Arewa da Kudu abokan juna ne, suna fuskantar juna, haka nan Gabas da Yamma. Za a cakuɗa kartar a raba ta duka, kowa ya sami 13. Katin ƙarshe sai a buɗe shi kowa ya gani, dangin da ya fito shi ne yake da iko a kan sauran a wannan rabon. Bari mu kira shi dangi mai wuƙa, tun da da shi ake yanka.

Wanda ke hagun mai rabo shi zai fara ajiye kati guda, sauran su bi da ɗai-ɗai. Kati huɗun nan da suka taru a tsakiya su ne zubi guda. Doka ta farko ita ce, dangin da aka fara da shi, tilas kowa ya bi da irinsa muddin yana da shi. Wanda ya ajiye mafi girma a dangin shi ya ci zubin, shi ne kuma zai fara na gaba. Alal misali, Yamma ya fara da 4 na zuciya, Arewa ya sa 9, Gabas ya sa Sarki, Kudu ya ɗora A. To, Kudu ya ci, cin nan kuwa nasa ne shi da Arewa. Amma wanda ba shi da dangin da aka nema yana da zaɓi: ko ya yar da wani katin da ba ya so, ko ya yanka da dangi mai wuƙa. Ko 2 ce ta dangi mai wuƙa, tana kayar da A ta kowane dangi.

Da yake kowa yana da kati 13, zubi 13 ake yi. Zubi 6 na farko da ɓangare ya ci ba a ba shi kome, daga na 7 ne ake fara lissafin maki. Ke nan ɓangaren da ya ci zubi 9 ya sami maki 3.

'Yan'uwan Wist

Daga wist aka sami birij, wanda shi ne sarkin wannan dangi na wasanni. Wani attajiri ɗan Amurka, Harold Vanderbilt, shi ya tsara lissafin makinsa na yanzu a 1925, yana cikin tafiya a jirgin ruwa. A birij, kafin a fara zubi sai an yi tayi kamar na gwanjo: kowane ɓangare ya faɗi yawan zubin da ya ɗauki alkawarin zai ci, da dangin da yake so ya zama mai wuƙa. Ɓangaren da tayinsa ya fi shi ke da alkawari, wanda ya fara ambaton dangin a cikinsu kuwa shi ne mai alkawari. Da an ajiye katin farko sai abokinsa ya shimfiɗa nasa katin duka a fili, mai alkawari ya riƙa sarrafa hannu biyun shi kaɗai, sauran biyun kuwa su haɗu su hana shi cika alkawari. An kafa ƙungiyar birij ta duniya a 1958, an kuma sa shi cikin wasannin ƙasashen Asiya da aka yi a Jakarta a 2018. Omar Sharif, ɗan wasan fim ɗin nan na Masar da ya rasu a 2015, gwani ne a kansa.

Akwai kuma sifed, wanda ya fito daga Amurka, inda kullum dangin kan mashi ne mai wuƙa. Sai belot na Faransawa, wanda aka fi sani a ƙasashen da Faransa ta mallaka, har da maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar. Shi da kati 32 ake yinsa, daga 7 zuwa A, kuma a dangi mai wuƙa Bafade ne babba, 9 tana bi masa.

Magana Ba Da Baki Ba

Daɗin wasan nan da wuyarsa duk a wuri guda suke. Kana da aboki, amma ba ka ganin hannunsa, an kuma hana ku magana. Ba ƙifta ido, ba tari, ba zungurin ƙafa. Da katin da ka ajiye kaɗai za ka sanar da shi halin da kake ciki.

Tun zamanin wist gwanaye suka shimfiɗa wasu al'adu don wannan. Mai farawa yakan fara da dangin da ya fi yawa a hannunsa, abokinsa kuwa ya fahimci nan ƙarfinsa yake, in ya sami dama ya mayar masa da dangin. Na biyu a zubi yakan sa ƙarami, tun da abokinsa ne zai rufe zubin. Na uku yakan sa babba, don kada na ƙarshe ya ci da arha. Idan kuma abokinka ya ci zubi da babban kati, ba a yanka masa, domin ɓarnar wuƙa ce kawai. A birij, idan kana son abokinka ya ci gaba da dangin da ya fara, sai ka sa masa kati mai ɗan girma, in ba ka so ka sa mafi ƙanƙanta.

Abin lura shi ne, waɗannan alamu ba asiri ba ne. Dokar birij ta wajabta wa kowane abokai biyu su bayyana wa abokan karawarsu ma'anar duk alamar da suka shirya. Wanda ya yi alamar ɓoye ya yi ha'inci. A gasar duniya ta 1975 a tsibirin Bamuda an zargi wasu 'yan wasa biyu daga Italiya da taɓa ƙafar juna a ƙarƙashin tebur. Don hana irin wannan ne a manyan gasanni ake gitta allo tsakanin abokai, sama da ƙasan tebur, yadda ba mai ganin fuskar abokinsa ko ya taɓa ƙafarsa.

Ƙidaya Da Lissafi

Wanda bai iya ƙidaya ba ba zai yi nisa a wannan wasa ba. Ga misali, ku gwada kafin ku karanta amsa. Kai ne Kudu, kana da kati 4 na zuciya. An zuba dangin sau 2. A zubi na farko kowa ya bi, a na biyu Gabas ya kasa bi. Kati nawa na zuciya suka rage a hannun mutane, kuma wa ke riƙe da su? Amsa: 4 sun fita a zubin farko, 3 a na biyu, 7 ke nan. Kana da sauran 2, sun zama 9. A cire 9 daga 13, saura 4, suna kuwa tsakanin abokinka da Yamma. Ka kuma san cewa in ka sake zuba zuciya, Gabas yana iya yanka.

Bayan ƙidaya sai lissafin yiwuwa, irin wanda malaman lissafi suke koya mana a aji. A ce kai mai alkawari ne a birij, kai da abokinka kuna da kati 8 a wani dangi, 5 suna hannun abokan karawa. Lissafi ya nuna wajen kashi 68 cikin 100 za su rabu 3 da 2, wajen kashi 28 su rabu 4 da 1, wajen kashi 4 kuma duka 5 su taru a hannu guda. Mai hankali yana gina shirinsa a kan na farko, amma ya bar wa na biyu ƙofa.

Ga wata dabara kuma. Arewa yana da A da Sarauniya a fili, Sarki yana wurin abokan karawa, ba ka san wane ba. In ka fara da A, Sarki zai zauna ya jira Sarauniya. Amma in ka zuba ƙarami daga Kudu, tilas Yamma ya sa nasa kafin Arewa. Idan Sarkin yana gare shi ya shiga uku: in ya fito da shi A ta danne shi, in ya ɓoye shi Sarauniya ta ci. In kuwa yana hannun Gabas, ka yi hasarar Sarauniya. Rabi da rabi ke nan, ya kuwa fi babu.

Shigowar Kwamfuta

Matsalar wasan mutum huɗu ita ce samun mutum huɗun. Kwamfuta ta magance wannan ta hanya biyu. Ko dai ta zauna a mazaunin mutum ukun da babu, ko kuma ta haɗa ka da wasu mutane ta intanet. Windows XP, wadda ta fito a 2001, ta zo da wasan sifed na intanet a cikinta, ko da yake daga baya kamfanin Microsoft ya rufe shi. A wannan shekarar ce kuma Fred Gitelman, ɗan Kanada, ya buɗe dandalin Bridge Base Online. Ga mai koyo kwamfuta malama ce mai haƙuri. Ita ke rabo, ita ke lissafin maki, ba ta barin ka karya doka, ba ta kuma yi maka tsawa in ka yi kure. Kana iya maimaita rabo guda sau da yawa har ka gano inda ka kauce.

To, yaya na'ura take tunani? Mu fara da wasannin da kome yake a fili, kamar dararmu ta gargajiya, inda kowa yake ganin gurabe da 'ya'yan abokin karawarsa. Irin waɗannan na'ura ta daɗe da gamawa da su. A 1997 kwamfutar kamfanin IBM mai suna Deep Blue ta kayar da Garry Kasparov, zakaran duniya a wasan ces. A 2002 wasu masana biyu a birnin Amsterdam, John Romein da Henri Bal, suka sa kwamfuta ta bi diddigin wasan nan mai gurbi 12 da 'ya'ya 48, ɗan'uwan wanda Yarabawa suke kira ayo, suka tabbatar cewa in kowa ya yi wasa ba kure, kunnen doki za a yi.

Karta kuwa a rufe take. Hannun kati 13 yana iya zuwa ta hanya 635,013,559,600. Ko da ka ga naka da na abokinka, sauran kati 26 ana iya raba su tsakanin mutum biyu ta hanya 10,400,600. Dabarar da masu tsara na'ura suka samo ita ce kintace. Na'urar takan ɗauki katin da ba ta gani, ta raba su a cikin ƙwaƙwalwarta sau da yawa, kowane rabo ya dace da abin da ta riga ta sani. Misali in Gabas ya kasa bin zuciya, ba za ta ba shi zuciya a kintacenta ba. Sa'an nan ta warware kowane rabo kamar kowa ya buɗe hannunsa, ta duba katin da ya fi yawan kawo nasara, ta ajiye shi. Da wannan dabara manhajar GIB ta Matthew Ginsberg ta zo ta 12 cikin gwanaye fiye da 30 a wata gasar warware matsalolin birij da aka yi a garin Lille na Faransa a 1998. Tun daga 1997 kuma aka fara gasar duniya tsakanin manhajojin birij su ya su.

Inda Gizo Ke Saƙa

Wannan dabara tana da aibi. Tun da na'urar tana lissafi ne kamar kowa yana ganin kome, ba ta cika tunanin abin da abokinta bai sani ba. Mutum mai hikima yakan ajiye kati don kawai ya haska wa abokinsa hanya, ko don ya hana shi yin kure, ko don ya ruɗe abokin karawa. Duk wannan yana bukatar ka shiga zuciyar wani, ka tambayi kanka, shin me yake zato ina da shi? Wanda ya taɓa wasa da na'ura a matsayin aboki ya san yadda takan yi wasan da lissafinsa daidai ne, amma ya bar ka cikin duhu.

A watan Maris na 2022, a birnin Faris, wani kamfani mai suna NukkAI ya gwada manhajarsa NooK da zakarun duniya 8. An yi rabo 800, aka kasa su kashi 80, na'urar ta fi mutanen a kashi 67. Nasara ce babba, amma a duba sharuɗɗan. Ba a yi tayi ba, an riga an yanke alkawarin. Kuma na'urar da zakarun duk a mazaunin mai alkawari suka zauna, wanda yake sarrafa hannu biyu shi kaɗai. Watau sashen da aka cire daga gwajin shi ne sashen fahimtar aboki. Kamar yadda Hausawa suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haɗa hannun kuwa shi ne abin da ya fi wuyar koya wa ƙarfe.

Shin Na'ura Tana Maguɗi?

Sau da yawa za ka ji wanda aka cinye yana cewa kwamfuta ta ware wa kanta kati masu kyau. Gwanayen Turai ma sun yi irin wannan ƙorafi sa'ad da aka fara rabo da na'ura a gasanninsu, suka ce hannuwan suna zuwa a birkice. Da aka bincika sai aka ga cakuɗawar hannu ce ba ta isa. A 1992 masana lissafi biyu, Dave Bayer da Persi Diaconis, suka nuna cewa sai an raba kwalin biyu an saƙa shi cikin juna wajen sau 7 kafin ya cakuɗu sosai. Yawancin mutane kuwa ba sa kai haka, sai dangi ya zauna kusa da dangi, rabo ya fito sumul. Ashe abin da ake zargi shi ne rabon gaskiya. Wannan magana ta shafi manhajojin kirki ne. Inda kuɗi ya shiga kuwa, kai ba ka da hanyar sanin abin da aka ƙulla a ciki.

Wasa Da Caca

A nan ne maganar iyayenmu ta dawo. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91, ya haramta caca tare da giya, ya kuma nuna yadda suke haddasa gaba da shagaltarwa daga salla. Game da karta wadda ba kuɗi a cikinta, malamai sun saɓa: wasu sun hana, wasu sun yarda bisa sharuɗɗa. Wajibi ne kowane ɗalibi ya tambayi malaminsa, ya kuma bi umurnin iyayensa. In sun ce a bari, to, a bari, gama darussan ƙidaya da yiwuwa suna nan cikin littafin lissafi.

Ga iyaye kuma, akwai alamun da za a duba. Duk wasan da ya nemi lambar asusun banki ko ta katin cire kuɗi, ko ya ce a zuba kuɗi kafin a zauna, ko ya yi alkawarin za a ci riba, caca ce, ko da wane suna aka lulluɓe ta. A yi hattara kuma da masu ba da kwabban wasa kyauta da fari, in sun ƙare su ce a sayi wasu da kuɗin gaske. Masu gasar birij na ainihi ƙoƙarinsu ma su kawar da sa'a ne: rabo guda ake bai wa tebura da yawa, sa'an nan a gwada wanda ya fi iya sarrafa kati iri ɗaya. Mai caca kuwa sa'ar kawai yake bi.

Ko wasan da ba kuɗi yana iya cin abin da ya fi kuɗi, watau lokaci. Rabo guda 'yan mintoci ne, amma na'ura ba ta gajiya, ba ta cewa dare ya yi. Ɗalibin da jarrabawa ke gabansa, in bai yanka wa kansa lokaci ba, zai wayi gari ya iya ƙidayar kati 13 amma bai buɗe littafi ba.

A taƙaice, 'yan'uwana ɗalibai, na'ura ta fi mu saurin lissafi, ba kuwa za mu kamo ta ba. Abin da wasan nan yake koyarwa wanda ya fi lissafi shi ne ka lura da abokin aikinka, ka sanar da shi abin da yake bukata ta hanyar da doka ta yarda, ka cika alkawarin da ka ɗauka, in an faɗi kuma kada ka ɗora masa laifi shi kaɗai. Waɗannan halaye za su yi mana amfani a aji da filin ƙwallo, da kuma ranar da za mu fita neman abinci. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya tsare mu daga caca da ɓata lokaci, amin.